Warin Takalmin Hagu

A shekarun da sojoji suka yi ta bore a Bangui saboda albashinsu, kowa a unguwarmu ta Kilomita Biyar da abin da ke hana shi sukuni. Wani shagonsa ne, wani kayansa da suka maƙale a hanyar Duwala, wani iyalinsa. Ni kuwa, Allah ya sani, takalmi ne. Shekaruna ashirin ko kusa da haka, ina da dogayen ƙafafu da ƙirjin da ba ya saurin cika, kuma tuni na yanke wa kaina hukunci cewa ni ɗan wasan gudu ne. Abin da ya rage kawai shi ne jama'a su yarda.

Kullum bayan sallar asuba nakan nufi wani filin makaranta a Yakité, inda wani tsohon malamin motsa jiki ke tara samari yana koya musu gudu. Metir muke ce masa, wato malam da Faransanci. Gajere ne, da usur a wuya, Sango, yaren garin, kawai yake yi mana, kuma bai taɓa yabon kowa ba sai dai ya rage zagi. A cikinmu akwai samari biyu daga cikin gari, 'ya'yan ma'aikata, masu takalman gudu na gaske da riga da wando iri ɗaya. Ni takalmin roba nake sakawa, irin mai ramuka-ramukan nan da ake ɗaurewa a gefe. Sau da yawa nakan wuce su in bar su suna haki, amma idan masu wucewa suka tsaya kallo, su ake nunawa a ce ga 'yan wasa. Wata safiya ina komawa gida da sassarfa, mai tuyar makara, wato fanke, ta bakin gada ta tare ni da murya, wai wa ya aike ni da sassafen nan nake irin wannan gudu. Na yini ranar ina jin haushinta, ko makararta ban ƙara saya ba sai bayan sati.

Na taɓa hawa bas na je cikin gari musamman don in ga takalmin gudu a wani kanti mai gilashi. Na gan shi, na karanta kuɗin da aka manna masa, na sake karantawa ko idona ne. Da wannan kuɗi mutum zai sayi ɗan maraƙi ya rage na igiya. Na tsaya ina lissafin safa da gajeren wando da rigar da ake sawa a sama, sai na ga ashe kafin mutum ya zama ɗan wasa sai ya fara zama ɗan mai kuɗi. Na dawo a ƙafa don haushi.

Da rana ina zama a shagon Kawu, ƙanin mahaifiyata, wanda bai daɗe da zuwa daga Maraɗi ba. Takalman gwanjo yake sayarwa. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka takalma suna zuwa ne bibbiyu a ɗaure. Ina! A buhu suke zuwa, an tura su yadda aka ga dama, sai ƙafar dama ta faɗa wannan buhu, ta hagu ta faɗa wancan. Babban dila ya sayi jigila guda a bakin kogi, ya rarraba buhunan ga ƙananan 'yan kasuwa, kowa ya kwance nasa ya haɗa abin da ya haɗu. Warin da ya rasa ɗan'uwansa maraya ake ce masa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, don wa zai sayi ƙafa ɗaya?

Wata Talata muka kwance buhu, na zura hannu can ƙasa, na ji wani abu da ba shi da nauyi ko kaɗan. Na zaro shi, sai ga takalmin gudu, shuɗi mai ratsin ruwan ɗorawa, samansa kamar raga, ƙasansa ko cinyewa bai fara ba. Na tsaya da shi a hannu bakina a buɗe. Na cire robata na zura ƙafa, ya zauna ɗas kamar da ƙafata aka auna. Wallahi sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Na zazzage buhun gaba ɗaya a ƙasa, na bi takalma ɗaya bayan ɗaya, na kwance buhu na biyu ba da izinin Kawu ba. Babu ɗan'uwansa. Na hagu ne kaɗai Allah ya aiko mana.

“Kawu, sayar mini da wannan.”

“Mi za ka yi da ƙafa guda? Ko gurgu ka zama ban sani ba?”

“Zan nemo ɗayan.”

“To ga ka ga shi. Ganin Dala dai ba shiga birni ba ne, ɗana.”

Ya sayar mini a kuɗin maraya, kuɗin da bai wuce na shayi da burodin 'yan kwanaki ba. Na wanke shi da sabulun wanka, na shanya a inuwa don kada rana ta cinye shuɗin. A ɗaki nakan saka shi in tsaya gaban madubin mahaifiyata, in karkata yadda ƙafar hagun ce kaɗai za ta fito, in ga cikakken ɗan wasa yana kallona. Da abin ya ci ƙarfina, wata safiya na tafi fili da shi a hagu, roba a dama. Metir ya dube ni daga sama har ƙasa, ya cire usur daga bakinsa.

“Gere oko ti Poto, gere oko ti kodoro!” in ji shi, wato ƙafa ɗaya ta Turai, ɗaya ta ƙauye.

Samari suka fashe da dariya, har da samarin nan biyu masu takalman gudu. Ni ko a jikina, don ƙafar hagu tana ba ni labarin da ta dama ba ta taɓa ji ba. Sai dai tsayin takalman ba ɗaya ba ne, na riƙa ɗingishi a kwana, Metir ya hana ni sake zuwa da shi har sai na samo ɗan'uwansa.

Ana cikin haka bore ya sake tashi. Masu boren suka riƙe bakin kogi, aka kafa shingaye a hanyoyi, aka sa dokar hana fita. Dilan da ya sayar wa Kawu buhunan ya tsallaka kogi da iyalinsa, ragowar jigilar kuma aka ce an kwashe ta a kurar hannu an rarraba ga duk wanda ya zo da kuɗi, ba wanda ya san buhu kaza ina ya faɗa. Kasuwa takan buɗe idan harbi ya lafa, ta watse idan ya dawo. Mutane suna tambayar farashin shinkafa da labarin sulhu, ni ina bin rumfuna ina leƙa tulin marayu. Mahaifiyata ta ce duk dangi ba a taɓa haifar mai taurin kai irina ba, gari yana ci da wuta ni ina neman takalmi.

'Yan takalma na unguwarmu suna da wata al'ada. Duk Juma'a, bayan an sauko daga Masallacin Koudoukou, sukan taru a bayan kasuwa ƙarƙashin wani mangwaro, kowa ya shimfiɗa tabarma ya baje marayunsa. Haɗa marayu ake ce wa zaman. Dokarsa ɗaya ce, kuma ba a jayayya da ita: hagu ke bin dama. Idan wari biyu suka haɗu a idon jama'a, mai hagu zai miƙa nasa ga mai dama, a mayar masa da kuɗin maraya da ɗan goro a kai, takalmin ya zama na mai dama, ya sa masa kuɗin da ya ga dama. Dattawa sun ce tunda da ƙafar dama Musulmi ke fara saka takalmi, ita ce babba. An yi dokar ne don kashe rigima, kuma ta kashe.

Kawu ya san halina, don haka tun ranar farko ya ja mini kunne.

“Ka bar naka a gida. In ka ga ɗan'uwansa, ka haɗiye miyau, ka taya na kusa da shi, sannan ka saye shi a matsayin maraya. Kowa haka yake yi, kuma kowa ya san haka ake yi. Doka ba ta kama ka sai an ga biyun a tabarma guda. Ka jiya?”

Na ce na ji. Amma ta yaya zan bar shi a gida? In na ga mai kama da shi, da me zan gwada? Sai na riƙa cusa shi a cikin riga, ƙarƙashin babbar rigata ta Juma'a, in ɗaure da tsumma a ciki. Juma'a bayan Juma'a ina zuwa, ina ganin shuɗin takalma iri-iri, gabana ya faɗi, in matsa kusa in ga ba shi ba ne.

Ranar da abin ya faru an yi ruwa da safe, ƙasa ta yi ja tana ƙamshi. Akwai wani dattijo daga unguwar Kokoro mai jan gemu, haifaffen Bangui, wanda kowa ke ce wa Baba. Ya jima bai zo zaman ba saboda shingen da ke tsakaninmu. Ranar ya zo da buhu guda, ya kama gindinsa ya zazzage a tabarma. Takalma suka gangaro, wani ya mirgino ya tsaya dab da ƙafata, shuɗi mai ratsin ruwan ɗorawa, na dama.

Duk nasihar Kawu ta bi iska. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

“Allahu Akbar! Ga shi! Wallahi ga shi!”

Na ɗage riga a gaban dattawa, na fizgo nawa daga ciki, na durƙusa na jera su gefe da gefe a tabarmar Baba. Suka zauna kamar tagwaye, igiyarsu iri ɗaya, har ɗan tabon da ke harshen wannan akwai shi a na wancan. Ina dariya ina nuna wa mutane, ina cewa ku duba, ku duba. Sai da na ɗago kai na ga yadda kowa ke kallona, na ga Kawu ya dafe kai da hannu biyu, sannan na tuna. Wurin ya ɗauki dariya har masu shayi na can gefe suka taso su ga abin da ake yi.

“Singila, ɗana,” in ji Baba, yana gode mini da Sango. “Allah ya yi maka albarka. Ka kawo mini shi har tabarma, ka kuma wanke mini shi.”

“Baki shi ke yanka wuya,” Kawu ya faɗa a hankali, ba tare da ya dube ni ba.

Baba ya ƙirgo kuɗin maraya da goronsa ya danƙa mini. Na tambaye shi nawa zai sayar da biyun. Ya juya su a hannu, ya lanƙwasa ƙasan, ya shinshina, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin da ya faɗa bai kai na kantin gilashi ba, amma ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Takalmin da na saya jiya-jiya da kuɗin shayi, yau don ya samu ɗan'uwa ya zama kayan masu hali. Na ji kamar in yi kuka, in kuma shaƙe kaina.

Baba mutum ne mai barkwanci, amma ba mugu ba ne. Ya ga yadda fuskata ta koma, sai ya turo mini su da ƙafa.

“Mai saye yana da haƙƙin gwaji. Saka ka taka mu gani.”

“Zuwa ina, Baba?”

“Zuwa inda ƙafarka ta gamsu. Ka dai dawo mini da kayana.”

Na tuɓe babbar riga na miƙa wa Kawu, na naɗe wando zuwa gwiwa, na rage daga ni sai singileti. Na fara da dama kamar yadda aka koya mana, na ɗaure igiya, na saka hagu. Da na miƙe sai na ji ƙasa ta yi laushi. Na fita daga bayan kasuwa, na hau titin Koudoukou, wanda ke fayau a lokacin saboda babu mai a gari, tasi ɗaya-ɗaya ce ke wucewa. Na fara a hankali, ƙafafun suka ƙi yarda da hankali, na sake su.

A kwanakin nan idan aka ga mutum yana gudu da rana tsaka, tambaya ɗaya ake yi: an fara? Mata su suri yara, masu shago su jawo ƙofa. Na ga abin da idona. Masu nama na bakin titi suka miƙe tsaye, wani tela ya riƙo ƙofar shagonsa, wata mata ta ɗora hannu a kan tirenta. Sannan idanunsu suka sauka a ƙafata. Sai na ga telan ya saki ƙofa, mai nama ya koma ya zauna yana murmushi, wani ya buga tafi. Yara suka biyo ni suna ihu, “Kpe! Kpe!” wato gudu, gudu. Ba wanda ya tambaye ni wa ya aike ni. Kowa ya gani da idonsa cewa ɗan wasa ne ke motsa jiki.

Ban taɓa jin daɗi irin na wannan gudu ba, kafin ranar ko bayanta. Ƙafata ba ta dukan kwalta, taɓa ta kawai take yi ta tashi. Iska tana shiga ta ragar takalmin tana sanyaya mini yatsu. Ina jin numfashina yana tafiya daidai da takuna, ina dariya ni kaɗai kamar sabon mahaukaci. Can gaba akwai shingen sojojin ƙasashen Afirka da aka kawo su raba faɗa, da buhunan yashi da bindiga a kai. Hankalina ya dawo, na rage gudu na fara juyawa tun daga nesa, kada murna ta zama makoki. Wani dogon soja ya miƙe daga kan buhu, ya dube ni, ya ɗaga hannu.

“Ale, shampiyon!”

Soja da bindigarsa ya ce mini zakara! Na dawo da gudun da ya fi na tafiya. Na iso gindin mangwaro jiƙe da gumi, dattawa suna ta yi mini tsiya, wai sun ɗauka na wuce Kamaru da kayan mutane. Na zauna na kwance igiyar a hankali, ina jan lokaci. Baba ya goge ƙasan da tsumma, ya ɗaure su da juna ya rataya a kafaɗa. Na roƙe shi ya ajiye mini har in haɗa kuɗin.

“Ɗana, ba na ajiye kaya don alkawari a zamanin nan,” in ji shi. “Yau muna nan, gobe wa ya sani? Wanda ya riga kawo nginza, kuɗi a hannu, nasa ne. Ka yi sauri.”

Sauri kuwa na yi. Na sayar da rediyona a lokacin da kowa ke neman rediyo don jin labarin sulhu. Na yi dakon buhunan gishiri, na tura kura, na daina shan shayin safe. Duk bayan kwana biyu nakan bi ta Kokoro in ga takalmin a rataye a ƙusa a ƙofar shagon Baba, in gaishe shi, in gai da takalmin a zuciyata. Ana haka aka yi sulhu, aka ɗage wasu shingaye, Metir ya zo fili da labari yana ƙoƙarin ɓoye murnarsa: ranar Lahadi mai zuwa za a yi tsere a babban filin wasa na cikin gari, kuma ya saka sunana. A gaban jama'a, a kan layi mai farin fenti! Na riga na ga kaina a can cikin shuɗin takalmi, samarin nan biyu suna kallon ƙafata.

Ranar Alhamis da yamma Kawu ya tambaye ni abin da ya rage. Na faɗa masa. Ya yi tsaki, ya ce duk Maraɗi ba a taɓa yin wawa irina ba, sannan ya zura hannu a aljihu ya cika mini. Na rungume shi har hularsa ta faɗi.

Juma'a da hantsi na nufi Kokoro, rabi tafiya rabi tsalle. Tun daga nesa na hango ƙusar, babu komai a jikinta. Na ce wa kaina ya shigar da su ciki ne saboda ruwa. Baba ya gan ni, ya kawar da kai ya gyara tabarma, sannan ya ce jiya bayan la'asar wani Alhaji mai shagon atamfa ya biya, bai ko taya ba. Ya ce in yi haƙuri, buhu ba ya ƙarewa, wani zai zo. Na ce babu komai, Baba. Akwai komai.

Na tafi masallaci da kuɗin a aljihu suna yi mini nauyi. Ban san abin da liman ya faɗa a huɗuba ba. Da aka sallame na fito cikin turmutsutsu ina neman robata a tulin takalman bakin ƙofa, sai ga shuɗi mai ratsin ruwan ɗorawa a gefen matakala. An zare igiyoyin gaba ɗaya. An take dugadugan biyu sun kwanta ciki, yadda mutanenmu ke yi wa sau-ciki don ya yi saurin cirewa a ƙofar masallaci. Na durƙusa na sa yatsa na tayar da su, na dama sannan na hagu, ina murza wurin da ya karye ko zai koma yadda yake.

“Yaro, nawa ne,” aka ce a bayana.

Wani Alhaji ne mai ƙiba, da farar shadda da carbi, fuskarsa cike da fara'a. Na matsa gefe.

“Alhaji, takalmin gudu ne wannan. Na 'yan wasa ne.”

“Haka aka ce mini. Ai ka ji shi, ba nauyi ko kaɗan, kamar ba ka sa komai ba. Madalla da ka gyara mini su.”

Ya dafa kafaɗata don kada ya faɗi, ya zura ƙafar dama, dunduniyar da na tayar ta sake kwanciya a ƙarƙashinsa. Ya zura ta hagu, wadda na wanke da sabulun wanka, ita ma ta kwanta. Ya kama hanya yana jan su a kan kwalta, fat, fat, yana gaisawa da mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai, hawaye suka cika mini ido a tsakiyar jama'a. Na bi shi a baya ina kallon dugadugansa har ƙofar shagonsa, ya cire su a bakin tabarma ya shiga.